Haƙoran Laure Mai Banda

A kasuwar Argungu, in ka shiga layin masu kifi ka tambayi Laure mai banda, ba wanda zai ce maka wace Laure. Tun tana budurwa take cikin hayaƙi. Uwarta bandar kifi take yi, mijin da ta aura kuma, Yari, masunci ne, don haka kifi ya bi ta daga gidan iyaye har gidan miji. Yari ya kamo tarwaɗa da ƙurungu da karfasa daga gulbi, ita ta feɗe, ta wanke, ta lanƙwasa tarwaɗa ta soke da tsinke, ta jera bisa waya ta hura wuta a ƙasa. Idanunta kullum jajur. Zanenta ko sau nawa aka wanke, sai ka ji ƙamshin banda a jikinsa.

Mace ce mai dariya. Tana da wushirya 'yar siririya a tsakiyar haƙoranta na sama, in ta bushe da dariya tun daga bakin layi ake gane ta. Da dariyar take ciniki. Mai saye zai zo da fushinsa yana cewa kifi ya yi tsada, kafin ya ankara ta ja shi da ba'a, ya saya, har ya ƙara da na gida.

Ta haifi 'ya'ya da dama, biyu suka rayu: Nu'uman, ɗan farinta, da Hanifa, auta. Tsakaninta da Hanifa ba wani shamaki, a tabarma ɗaya suke kwana, a kwano ɗaya suke ci. Nu'uman kuwa kunyar ɗan fari ta shiga tsakaninsu tun ranar da aka yanke masa cibi. Kakarsa ta wajen uba ce ta yaye shi, ita ta raine shi. Laure ba ta taɓa kiran sunansa ba. In za ta yi maganarsa sai ta ce "yayanku," in kuma shi take so sai ta ce "kai," tana kallon wani wuri. Ranar da ya ci jarrabawar shiga makarantar kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi, mata suka cika gidan suna barka, ita tana bakin murhu tana juya kifi kamar ba da ɗanta ake ba. Sai da kowa ya watse ta zaɓi manyan tarwaɗa ta ɗaure a takarda, ta ba Hanifa ta ce ta sa cikin jakar yayanta, kada ta ce daga ina.

Yari ya rasu bayan 'yar gajeruwar jinya, Nu'uman yana shekararsa ta ƙarshe a makaranta. Daga nan Laure ta koma sayen ɗanyen kifi a bakin gulbi. Wata safiya ta hau kabu-kabu da kwandon kifi a cinyarta, akuya ta gitta, mai babur ya taka birki, ta faɗi da fuska bisa kwalta. Haƙoranta na gaba a wurin suka zube. Sauran na saman ma suka jijjigu, suka riƙa ciwo, aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka cire, har ya zama ba ta da haƙori ko ɗaya a sama.

Leɓenta ya faɗa ciki. Magana in ta fito sai ta fito da iska. Wata rana wani mai saye ya ce ta maimaita abin da ta faɗa, ta maimaita, ya sake cewa bai ji ba, na kusa da shi ya yi dariya. Daga ranar ta fara jan mayafi ta rufe baki. Ciniki ya koma da yatsa da gyaɗa kai. 'Yan layi suka ce kasuwa ta yi shiru.

A lokacin Nu'uman ya gama karatu, ya kama aikin gyaran injunan ban ruwa na manoman shinkafa a fadamar Zauro, ya auri wata yarinya mai suna Munira, suna zaune a Birnin Kebbi. Wata Juma'a ya zo Argungu, ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta ya gaishe ta, sannan ya ce, "Inna, ki shirya, gobe za mu Birnin Kebbi."

Ta ce, "Yin mi?"

"Ki dai shirya."

A motar haya suka zauna kafaɗa da kafaɗa, abin da bai taɓa faruwa ba tun yana goye. Ita tana kallon gonakin albasa ta taga, shi yana kallon gaba. Ya kai ta wurin masu aikin haƙori. Aka cusa mata wani abu mai sanyi kamar ƙullu a baki, aka ce ta ciza, aka ɗauki siffar dasashinta. Tana kurkure baki ta ji muryarsa a bayanta, ƙasa-ƙasa, yana magana da mai aikin.

"Malam, tana da wushirya da can. Nan tsakiya take, ba babba ba. In shina yiwuwa, a sa mata ita."

Laure ta daɗe sunkuye a kan kwanon kurkure baki. Yaron da ba ta taɓa ɗaga ido ta kalla sosai ba, ashe shi ya daɗe yana kallonta.

Da aka kammala haƙoran suka koma tare. Haƙoran roba ne, da faranti mai kalar dasashi wanda ke mannewa a saman baki. Mai aikin ya sa mata, ya ɗan goge nan, ya ɗan rage can, ya miƙa mata madubi. Ga wushiryarta nan inda take. Ya yi musu bayani cewa a riƙa cirewa kafin barci, a wanke, kuma a riƙa dawowa lokaci-lokaci ana dubawa, domin dasashi yana canzawa da shekaru. Laure ba ta ji rabin bayanin ba. Ta ajiye madubin ta juya wajen bango ta ce, "Allah shi yi albarka." Iyakar abin da ta iya faɗa ke nan.

A tasha Nu'uman ya sayo balangu mai laushi ya ajiye a cinyarta ya ce, "A gwada su mu gani." Ta ɗauki yanka ɗaya ta tauna a hankali, ta ƙara wani. Ya kau da kai yana murmushi, ita ma ta kau da nata.

Dariya ta dawo layin masu kifi, ta kuma yi 'yan shekaru a wurin.

Sai shekarar da gulbi ya cika ya tumbatsa, ruwa ya hau shinkafar fadama tana gab da nuna. Manoma suka shiga kwashe abin da za su iya. Nu'uman ya shiga jirgi da wasu mutane don su ɗauko injunan da ruwa ke shirin haɗiyewa. A dawowa jirgin ya yi nauyi, igiyar ruwa ta buge shi ya kife. Sauran suka kama reshe suka fita. Shi, ɗan masunci da ya iya ruwa tun yana ƙarami, igiyar inji ce ta naɗe masa ƙafa. Washegari da hantsi aka same shi.

Laure tana kasuwa aka zo aka ce ta taso gida. A wurin zaman makoki ba ta yi kuka a gaban mutane ba, domin uwa ba ta kukan ɗan fari a bainar jama'a. Mata suna cewa, "Laure akwai tawakkali." Tana amsa gaisuwa, tana cewa an gode, Allah shi ba da lada.

Munira ba ta haihu da shi ba. Ta gama takaba ta koma gidansu, bayan wani lokaci ta yi aure a wani gari. Tufafinsa aka bayar sadaka, babur ɗinsa da kayan aikinsa suka shiga rabon gado aka sayar. Wayarsa da hotunan da ke ciki suna ƙasan gulbi. Da ƙura ta lafa, Laure ta duba ta ga ba abin da ya rage mata wanda ya fito daga hannunsa sai abin da ke cikin bakinta.

Daga nan ta daina cire haƙoran. Da su take yini, da su take kwana. In za ta wanke sai ta yi sauri ta mayar, kamar wani zai fizge. Komawa a duba kuwa, ba ta ko tuna da shi, wanda zai kai ta ai ba ya nan.

Shekaru suka wuce, dasashinta ya riƙa shanyewa yana ƙanƙancewa, kamar yadda yake yi wa duk wanda ya rasa haƙora. Farantin ya yi mata yawa. In tana magana sai ya motsa, in tana tauna sai gefensa ya nutse cikin kwarin da ke tsakanin leɓe da dasashi ya goga. Ta fara sa 'yar auduga a ƙarƙashi don ya zauna. Wata rana ya suɓuce ya faɗi bisa siminti, gefensa ya ɗan tsage, ya bar kaifi. Ta ɗauka ta share da bakin zane ta mayar.

Da harshe ta fara jin abin. Wani ɗan nama ne ya tsiro a cikin leɓen sama, daidai inda gefen farantin yake zama. Ba ciwo da farko. A hankali ya yi tsawo, ya ninku gida biyu, gefen farantin ya shige tsakiyarsa kamar wuƙa a cikin kube. Wani kuma ya taso a ɗaya gefen. Sai tsakiyar ninkin ya fashe ya zama gyambo. In ta ci abu mai yaji hawaye ne ke zubo mata, in ta tofa yawu da safe sai ta ga ja-ja. Ta kurkure da ruwan gishiri, ta jiƙa bagaruwa, ta sha rubutu. Abin bai ragu ba. Ta bar cin kifi da nama, ta koma kunu da fura da tuwo mai ruwa-ruwa. Leɓenta na sama ya ɗan turo gaba. Mayafi ya koma bakinta, kamar wancan lokacin.

Akwai wata mata a unguwarsu da ta yi fama da ciwon daji a baki, kowa ya ga yadda ta ƙare. Laure tana cikin waɗanda suka yi wa gawarta wanka. Saboda haka ba ta tsaya tambayar kowa ba, ta yanke wa kanta hukunci cewa abin da ya ci waccan shi ne ya zo mata. Abin da ya ba ta mamaki shi ne ba ta ji tsoro ba. Wani irin sauƙi ma ta ji, irin na wanda ya daɗe a tasha sai ya hango mota. Ta bi 'yan layi ɗaya-ɗaya tana neman gafara cikin wasa. Ta ba wata maƙwabciya manyan wayoyin bandarta, ta ce sun yi mata nauyi. Ta sayi farin yadi ta naɗe ta sa a ƙasan akwati.

Hanifa a lokacin tana aure a Birnin Kebbi, tana koyarwa a makarantar firamare. Ta zo Argungu da babbar Sallah, ta soya nama ta kawo wa uwarta, ta ga an ture kwanon gefe.

"Inna, ba ki ci ba."

"Na ƙoshi."

"Ke da ko kunu ba ki shanye ba? Mi ya samu bakinki? Ɗaga mayafin in gani."

Laure ta yi gardama, Hanifa ta durƙusa a gabanta ta ƙi tashi. Da ta ɗaga leɓen ta ga abin da ke ciki, sai ta saki salati ta zauna daɓas a ƙasa.

"Tun yaushe?"

"An daɗe."

"An daɗe, kuma kinka yi shiru? Ni mi ce a wurinki, Inna?"

Hutun Sallah na ƙarewa Hanifa da mijinta Abbas suka kai ta babban asibiti a Birnin Kebbi, sashen haƙori. Likitar mace ce, Dakta Nazifa, ba ta wuce sa'ar Hanifa ba. Ta gaishe da Laure da ladabi, ta kwantar da kujera, ta kunna fitila.

"Mama, a cire haƙoran in duba."

Laure ta ce, "A duba haka nan."

"Ba zan ga wurin da kyau ba, Mama. Ɗan lokaci kaɗan ne, zan mayar miki."

Sai da Abbas ya fita waje sannan ta sa hannu ta zare su. Ba ta yarda ta ajiye a farantin ƙarfen da aka miƙo ba, ta riƙe a tafin hannunta. Likitar ta ɗaga leɓe, ta taɓa naman da yatsa, ta lalubi ƙarƙashin haɓa da wuya. Sannan ta roƙi a ba ta haƙoran, ta mayar da su bakin Laure a hankali, ta kira Hanifa ta nuna mata yadda gefen farantin ya shige daidai cikin ninkin naman.

"Kin gani? Inda robar take goga, nan abin ya tsiro. Mama, kin san kanta da ke fitowa a hannun mai noma? Fata in ana gogar ta kullum, sai ta yi kauri don ta kare kanta. Cikin baki ma haka yake yi, sai dai shi nama yake tarawa. Ga dukkan alamu wannan ba daji ba ne. Za mu yanke shi mu aika a gwada don mu tabbatar, amma ni hankalina a kwance yake."

Hanifa ta rufe fuska da tafin hannu tana hamdala.

Likitar ta zare haƙoran ta mayar wa Laure a tafin hannu, ta ci gaba, "Sai dai haƙoran nan ne suka jawo shi. Sun yi miki yawa, gefensu kuma ya tsage. Dole a ajiye su, gyambon ya warke, kumburin ya sauka, sannan mu yi aikin. In wurin ya warke sai a yi miki sababbi. In kika ci gaba da sa waɗannan, ko mun yanke zai dawo."

Laure ta ce, "Ba a gyara wanga?"

"Da an kawo shi da wuri, da an yi masa ciko ya zauna. Yanzu ya gaji, Mama. An daɗe da yin sa. Wa ya kai ki aka yi miki?"

Tambaya ce kawai irin ta likita. Laure ta buɗe baki za ta ce "yayanta," ta nuna Hanifa, sai kalmar ta ƙi fita. Ta dubi wushiryar da ke tafin hannunta.

Ta ce, "Nu'uman."

Hanifa ta ɗago kai da sauri. Tun da aka haife ta ba ta taɓa jin sunan a bakin uwarta ba.

Laure ta sake cewa, "Nu'uman. Ɗana ne. Ruwa ya ci shi."

Kukan da ba ta yi a zaman makoki ba, a kujerar likitan haƙori ta yi shi, baki ba haƙora, fitila tana haska mata fuska. Dakta Nazifa ta kashe fitilar, ta ja kujera ta zauna kusa da ita, ba ta kira na gaba a layi ba sai da Laure ta share ido da kanta.

A gidan Hanifa ta zauna jiran aikin. An ba ta maganin kurkure baki, an ce haƙoran su huta. Hanifa ta sa su a kofi da ruwa ta ɗora bisa kabad. Kwanaki kaɗan bayan haka ta dawo daga makaranta da azahar, ta tarar da uwarta zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa, leɓenta a cike. Ta duba kofin, ba komai.

"Inna, kin mayar da su."

"Ɗan lokaci kaɗan. Bakin ne ba daɗi in babu su."

"Likita ta ce su ne ciwon."

"Na ji abin da ta ce."

"To don mi?"

Laure ta ci gaba da tsintar shinkafa. Can ta ce, "In ya goge ni, sai in tuna. Ko ina cikin ciniki, ko ina sallah, shina nan. In anka raba ni da su, mi ya rage?"

Hanifa ta ajiye jakarta. Ta ce, "Na ga farin yadin da ke cikin akwatinki, ranar da nike haɗa miki kaya. Na yi shiru ne kawai. Kin shirya tahiya, ba ki ko yi min sallama ba. Inna, Yaya ya rasu, ni ma yayana ne, ni ma ina kukansa. Amma ni ina nan. Ni ma ɗiyarki ce. Ko sai na mutu za ki riƙe wani abu nawa haka?"

Ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Laure ta zauna da faifan shinkafa a cinya har aka kira la'asar. Da ta tashi alwala ta zare haƙoran, ta wanke su da kyau, ta mayar cikin kofin, ta kai ƙofar ɗakin ta ƙwanƙwasa.

"Amshi. Ki ɓoye inda ban sani ba. In na tambaya kada ki ba ni."

Ta tambaya kuwa, ba sau ɗaya ba. Hanifa ta riƙa cewa a'a tana kau da fuska.

Aikin bai ɗauki lokaci ba. Aka yi mata allurar kashe wuri, aka yanke ninkin naman na dama da na hagu, aka ɗinke, aka sa abin da aka yanko a 'yar kwalba aka aika gwaji. Da yamma tana gida tana shan kunu da cokali. Ɗinkin ya warke lafiya. Da sakamako ya fito, Dakta Nazifa ta faɗa musu da fara'a cewa ba daji ba ne, naman gogayya ne kawai, kuma in ba a sake takura wurin ba, ba zai dawo ba. Abbas ya sa aka toya waina aka raba sadaka a unguwa. 'Yan'uwa suka riƙa kira daga Argungu suna barka da arziki. Laure tana karɓar waya tana cewa alhamdu lillahi, da gaske kuma take faɗa, don ta ga yadda fuskar Hanifa ta washe. Amma da ta keɓe a kan sallaya sai ta nemi gafarar Ubangiji, domin ta san a ƙasan zuciyarta ba labarin da ta yi ta jira ke nan ba.

Ranar da za a ɗauki siffar sababbin haƙora, Hanifa da kanta ta ɗauko tsofaffin ta miƙa mata, ta ce ta ajiye abinta tunda an warke. Laure ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Ta ce a ranta sau ɗaya kawai, ba za ta tauna komai da su ba. Ta sa su a baki ta danna da babban yatsa. Ta saki, suka faɗo. Ta sake dannawa, suka sake faɗowa a cinyarta. Naman da aka yanke ashe shi ne ke riƙe da su duk shekarun nan. Bakin da Nu'uman ya kai aka auna ba shi ne wannan ba.

Ta naɗe su a ƙyalle ta fito. Hanifa ta dube ta, ba ta tambaya ba.

Da aka kammala sababbin aka sa mata, sun zauna daram. Farare ne, jere reras, ba wushirya. Hanifa sai a hanyar gida ta lura, ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo Inna, na manta ban faɗa musu ba. Mu koma a gyara."

Laure ta ce, "Bar su haka. Sun yi kyau."

Hanifa da Abbas sun so ta zauna da su a Birnin Kebbi, ta ce gidan Yari ba zai zama kango tana raye ba. Ta koma Argungu. Maƙwabciyar da ta ba wayoyin banda ta dawo mata da su ba tare da an tambaya ba. Ta sake hura wuta. Yanzu tana cire haƙoranta kafin ta kwanta, tana zuwa a duba ta duk lokacin da Hanifa ta kira ta ce lokaci ya yi, ba ta gardama. Tana cin kifi, tana cin nama. Ta yi ƙiba kaɗan. Likita ta ce bakinta lafiya lau, jikinta ma ba abin da ke damun sa.

Har yau tana layin masu kifi. Ciniki tana yin sa da baki, ba da yatsa ba, amma ba ta tsawaita shi, in farashi ya yi ta sallama, in bai yi ba ta ce Allah shi kawo kasuwa. Sababbin 'yan layi sun san ta a matsayin tsohuwa mai kirki marar yawan magana. Waɗanda suka san labarin aikin da aka yi mata, in sun biyo sukan tsaya su ce, "Laure, kin auna arziki. Allah shi ƙara lafiya, shi ba ki tsawon rai."

Takan ci gaba da gyara jerin tarwaɗa a faranti, kafin ta ce amin.